Lif ɗin da ya ja wa ƙanwata jan biro

Har yau abin yana ci mini rai, domin da bakina na koya mata kuskuren. Ƙanwata tana SS2 a nan Kubwa. Ta kawo mini aikin gida na Fiziks: mutum mai kilo 60 yana tsaye kan sikeli a cikin lif, lif ɗin yana sauka amma yana rage gudu da 2 m/s², g (gudun da jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗuwa) kuma 10 m/s². Me sikelin zai nuna?

Ban ma ƙarasa karanta tambayar ba. Ina ganin "sauka" na ce a ɗebe 2 daga 10, 60 sau 8, 480 N (Newton, ma'aunin ƙarfi). Har da ba ta ƙa'ida ta haddace, wai hawa ƙari, sauka ragi. Ta ce, "Yaya, rage gudun fa?" Na ce ta rubuta kawai. Washegari ta dawo da jan biro, amsar 720 N ce, maki biyar sun tafi.

Ran Asabar na ɗauki sikelinmu mai allura, muka tafi ofishinmu a Wuse, muka hau hawa na takwas. Ta tsaya a kai, kilo 52. Lif na tashi zuwa ƙasa sai allurar ta ɗan ja baya, nan da nan ta koma 52 ta zauna daram, alhali sauka muke yi. A nan jikina ya yi sanyi. Da muka kusa ƙasa lif ya fara taka birki, allurar ta haura 52, ita kuma ta ce ta ji nauyi a gwiwoyinta.

Ashe sikeli ba ruwansa da inda lif ya nufa. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin da daɓen lif ke tura tafin ƙafa da shi. Kafin daɓen ya tsayar da jikin da ke gangarowa, dole turinsa ya fi nauyin jikin. Wato canjin gudun, wanda ake rubutawa da harafin a, sama yake kallo ko da ana sauka: R = m(g + a), R shi ne turin daɓen, m kuma kilon mutumin, 60 sau 12. In gudun bai canja ba, a ɗin sifiri ne, 600 N ke nan.

Yanzu kafin ta rubuta lamba ko ɗaya, sai ta ja kibiyar a, sama ko ƙasa. Amma makin nan biyar ba su dawo ba, kuma ita ta hango ramin tun farko, ni na hana ta magana.