Gafakar kakanmu da maganar gidan tarihi

Bayan da ruwa ya ɗauke bana muka shiga gyaran ɗakin marigayi kakanmu, ɗakin da tun rasuwarsa ba a cika buɗewa ba sai in za a ɗauko tabarmi ranar suna ko biki. Akwai wani akwatin katako a kusurwa wanda kowa a gidan ya san na littattafan Malam ne amma babu mai taɓawa, to ranar dai muka ja shi, ai kuwa gindin akwatin ya zauna a ƙasa mu muka taho da sauran. Gara ce. Ta ƙasa ta shigo ta yi hanyarta cikin bango ta cinye katakon ta hau gafaka biyu daga cikin ukun da ke ciki, takardun da ke ƙasa sun koma kamar tsaki, in ka ɗaga sai su zube maka a hannu. Wallahi na daɗe ban ji abu ya tsaya mini a ƙirji kamar ranar ba, don rubutun hannu ne, wani da jar tawada a gefe inda malamai ke yin ƙarin bayani, wani waƙoƙin ajami ne, kuma ba mu da kwafinsu ko ɗaya.

Gafaka ta ukun ta tsira don ita ce a sama. Sai na ce wa Baffa, tun da shi ne babba yanzu, mi zai hana mu kai ta gidan tarihi su ajiye. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, abin gwamnati ai ba ya da uwa ba ya da uba. In na ba su, wa zan tambaya bayan shekara goma?"

Na so in yi masa gardama amma maganar ta zauna mini, har yau ina juya ta, don ita ce ainihin matsalar kayan tarihin da ke hannun hukuma. Ana cewa na jama'a ne, na kowa da kowa, to amma abin kowa da kowa in ba a ɗora wa wani takamaimai alhakinsa a rubuce ba shi ne ke fara lalacewa. Ni kuma a ganina amana ce irin ta dukiyar marayu, masu ita na gaskiya yawancinsu ba a ma haife su ba, mu riƙo kawai muke yi.

Mu nan Sakkwato ba mu rasa wurin ajiya ba. Muna da hukumar tarihi da al'adu ta jiha wadda aka sa wa sunan Waziri Junaidu, mutumin da ya rasu a 1997 bayan ya ƙare rayuwarsa cikin karatu da rubutu da tattara abin da magabata suka bari, kuma duk mai binciken tarihin daula ya san ba ya kammalawa sai ya biyo ta nan. A sama kuma akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke riƙe da gidajen tarihi na tarayya irin na Jos da aka buɗe a 1952 da na Legas na 1957, ita ce kuma ke da alhakin wurare irin kufan Surame. Mutane da yawa ba su san wannan dokar ta hana saye da sayar da kayan tarihi haka kawai ba, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da izinin hukumar, kuma kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 sun shiga ciki. Wato takobin da ke rataye a zauren gidanku ko sulken da kakan kakanka ya sa, doka ta san da su ko da kai ba ka san da dokar ba.

Amma fa doka ba ta korar gara. Abin da na fahimta bayan na zauna da wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin adana kayan tarihi kafin ya yi ritaya shi ne, aikin nan kusan duka ƙananan abubuwa ne da ba a yin bikin buɗe su, ba a yanka kyalle a kansu. Na farko rajista. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta daga ina ya fito, wa ya kawo, kyauta ce ko aro ko saye, tsawonsa, faɗinsa, inda ya tsage, a ɗau hotonsa, a rubuta ɗakin da yake da kantar da yake kai, sannan duk shekara a bi rajistar a ƙirga a ga ko komai na nan. Ya ce min abin da ba ya cikin rajista ko an sace shi ba ka da bakin cewa naka ne. Kuma wannan ba ciwon talaka kaɗai ba ne, a 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya fito ya ce kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a rumbunsa, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugaban wurin ya ajiye aiki. In haka ta faru a can da kuɗinsu da na'urorinsu, to mu sai mu ƙara ɗaure ɗamara.

Sai yanayi, wanda mu namu ba ya da sauƙi ko kaɗan. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙurar ta shiga ko'ina, fata ta ƙeƙashe ta fara tsagewa, takarda ta yi ƙaras-ƙaras. Bazara ta zo zafi ya haura 40 a ma'auni. Damina ta shigo laima ta kama komai, ƙarfe ya fara tsatsa, takarda ta yi funfuna, gara da asu su samu abin da suke so. Dattijon ya ce ba zafin ne ma ya fi ɓarna ba, hawa da saukar nan ne, yau abu ya kumbura gobe ya tsuke, shi ya sa kunna na'urar sanyaya ɗaki ta yi awa uku a ɗauke wuta ta yi awa goma a kashe ya fi rashinta illa. Gwamma ɗaki mai kaurin bango, rufin da ba ya yoyo, kanta ta ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa aka janye daga jikin bango, taga da rana ba ta faɗowa kan kaya. Kuma kowane abu da irin kulawarsa, yadda za ka ajiye lifidi ba haka za ka ajiye kwalkwali ba, tambari fata ne da itace kowanne da yadda yake motsi, tuta ko tsohuwar riga in ka rataye ta shekara da shekaru nauyinta ne zai yage ta, shimfiɗe ta ake yi.

Takardu kuwa su na fi jin tsoro don na gani da idona. Yawancin tsofaffin rubuce-rubucenmu a kan takardar da aka yo a Italiya suke, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus, in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, da shi ma masana ke ƙiyasta shekarun littafi. Kuma littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa ne a cikin bango a cikin gafaka, marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafi don a gane jeri, to in warƙa goma suka zube aka haɗa na wannan littafi da na wancan sai malami masani ya zauna kwana da kwanaki kafin ya raba. Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, a manna salatif a inda ya yage, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya yi ja ya ci rubutun, ko a kai shago a yi masa laminatin a ƙona shi cikin leda yadda ba mai iya ciro shi har abada, ko a sa biro a rubuta lamba a kai. Na taɓa shiga wani gidan tarihi a wata jiha na ga an jingina tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a buɗe cikin gilashi rana na dukansa ta taga, shafin da ke buɗe ya koɗe ya bambanta da sauran, na fita raina a ɓace.

Akwai wani ɓangaren da ba mu cika son magana a kai ba, wato mutum-mutumin yumɓu da aka riƙa tonowa a yankin nan, waɗanda a kasuwar Turai ake kira da sunan Sakkwato kamar yadda ake kiran na Nok da na Katsina. Na san wasu za su ce gumaka ne mi ya haɗa mu da su. Ni dai abin da na gani shi ne shaida ce cewa mutane sun zauna a ƙasar nan suna gini da ƙira kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma da yake masu haƙar sata ne suka tono su ba masana ba, an rasa sanin a wane zurfi suke, mi ke kusa da su, wa ya yi su, an ɗauke kan an bar labarin a rami. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. A daidai lokacin ne Faransa ta nuna biyu daga cikin guda uku da ta saya a hannun dillali, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya a 2002 aka daidaita cewa mallakar Najeriya ne amma za su zauna a Paris aro na shekara 25. Ku lissafa ku ga lokacin ya kusa. Muna ta murna Jamus ta fara dawo wa Najeriya da kayan masarautar Benin a 2022, kuma abin murna ne, amma tambayar Baffa na nan, in an dawo da namu ina za a sa shi, wa zai sa hannu ya karɓa, wa zai ƙirga shi baɗi?

Ni ba na cikin masu cewa tun da ba mu iya riƙo ba a bar wa Turawa. Wanda ya sace maka akuya ba ya da hujjar cewa garkenka ba ƙofa. Amma a gyara ƙofar. A ɗauki matasa a koya musu aikin kafin dattawan da suka san kowane takobi da sunansa su ƙare, a daina tura mutum gidan tarihi don an rasa inda za a kai shi, a ware kuɗin feshin gara da gyaran rufi kafin damina, a ɗau hoton kowace warƙa a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil a 2018 dare ɗaya ta yi, wurin da ke da kaya kusan miliyan 20. A Timbuktu kuma a 2013 an ƙona dubban takardu, amma mafi yawa sun tsira don mutanen gari sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako, mutanen da suka ɗauki abin nasu ne. Mu ma sai ɗan makarantar firamare a Mabera ko Gidan Igwai ya shiga ya ga wasiƙar da aka rubuta zamanin Sarkin Musulmi Bello da idonsa kafin ya ji cewa tashi ce.

Da na koma wajen Baffa ban sake ce masa ya bayar ba. Na ce masa akwai ajiya ta aro, a rubuta takarda, sunan gidanmu na kai, a ƙirga warƙa a gabansa, a ba shi kwafin hotuna, ranar da ya so ya je ya gani. Ya yi shiru ya ce, "To a fara ƙirgawa a nan gida tukuna." Mun yi kwana huɗu ni da ƙanena bayan la'asar, hannu a wanke a bushe, muna juya warƙa ɗaya-ɗaya muna ɗauka da waya, Baffa na gefe yana karanta abin da ya gane, wani wurin ya tsaya ya ce wannan hannun Malam ne wannan kuma na malaminsa ne. Ragowar da gara ta ci ma ba mu zubar ba, dattijon nan ya ce ko guntu ne a ajiye, mun sa su cikin farar takarda daban.

Gafakar yanzu tana kan kanta a ɗakin Baffa, nesa da bango, an naɗe ta da farin ƙyalle. Ya ce bayan Sallah zai sa rigarsa mu tafi tare, ba wurin da ake nuna wa baƙi yake son gani ba, ɗakin ajiyar yake so a buɗe masa, kuma a nuna masa littafin rajistar.