Kogi ma ana iya saurarensa ta cikin ƙasa

Kwana biyun nan wani abu ya tsaya min a rai, wato yadda ake sa ido a kan kogi da na'urar jin girgizar ƙasa, ƴar ƙarama mai arha, ba irin manyan nan na cibiyoyin bincike ba.

Na taɓa riƙe jiyofon a hannu, wato ɓangaren da ke jin motsin ƙasa a cikin irin wannan na'urar, ɗan gwangwani ne da ko tafin hannu bai cika ba, a cikinsa maganaɗisu ne da nannaɗaɗɗiyar waya rataye da sifirin, ƙasa ta motsa ko yaya ne sai ya ba da ƴar wuta kaɗan, kwamfuta ta maida ita layi a allo. Na ajiye shi a kan siminti na koma can gefe na buga ƙafa, sai ga layin ya yi tsalle. Irinsa ne kamfanin Raspberry Shake na ƙasar Fanama ya haɗa da ƴar kwamfutar Raspberry Pi tun 2016, yanzu har makarantu da gidajen mutane suna da ita.

To ina ruwan kogi? Ai ruwa in yana gudu da ƙarfi dukan gindin kogi da gaɓarsa yake yi, tsakuwa da duwatsu kuma suna birgima suna karo da juna, duk ƙasa tana ɗauka tana kaiwa nesa. A 2008 masanin kimiyya Arnaud Burtin da abokan aikinsa sun nuna haka a kogin Trisuli na Nefal, kuma abin da ya fi burge ni shi ne, ko da tsayin ruwan ɗaya ne, rugugin ya fi yawa a farkon damina fiye da ƙarshenta, saboda a farko akwai tarin tsakuwar da ruwa bai riga ya kwashe ba. Kenan na'urar har kayan da kogin ke ja a ƙasansa take ji, abin da ido ba ya gani sam in ruwa ya yi jawur.

Sai kuma ambaliyar kwarin Ahr a Jamus, Yulin 2021, inda sama da mutum 130 suka rasu. Gejin auna tsayin ruwa na garin Altenahr da ke cikin kwarin ya daina aiki a tsakiyar bala'in, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, amma na'urar girgizar ƙasa da ke kan tudu ta ci gaba da naɗa har ruwan ya wuce. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Shi geji dole a bakin ruwa yake, ita kuwa ana iya binne ta inda ruwan ba zai kai ba.

Akwai wahala fa. Mota, iska, ruwan sama, hatta shanu in sun gifta duk tana kwasa, sai an tace. Kuma ba za ta ce maka ruwa mita kaza ba ne sai an fara gwada ta da awon gaske a wannan wurin, don kowace ƙasa da yadda take ɗaukar motsi, yashi daban dutse daban. Ga batir da sola da intanet.

Duk da haka ni burina in ga an jera su goma ko ashirin a saman kogunan da ba su da geji ko ɗaya, ta yadda in rugugi ya tashi a ta farko, ya bi ta biyu, mutanen da ke ƙasa su samu saƙo a waya tun ruwan bai iso ba.