Zaman sulhun mutanen Hawaii

Maƙwabciyata a nan Honolulu, wata dattijuwa 'yar asalin tsibirin, ta bar ni na zauna a gefe ranar da danginta suka yi ho'oponopono, tsohuwar hanyarsu ta warkar da ɓaraka a cikin gida. A wurinsu, riƙo a zuciya yana iya kwantar da mutum ciwo.

Da addu'a aka buɗe. Babban gidan ne ke jagora, kuma ta kansa kowace magana ke bi. Ba wanda ya isa ya juya ya caccaki ɗan'uwansa. Rigimar 'yan'uwa biyu ce kan gidan gado, amma da aka fara ɓare ta kamar albasa, sai ga tsohon ɓacin rai tun na ƙuruciya a ƙasa. Murya na tashi, dattijon ya sa a yi shiru. Shirun nan ya fi komai ba ni wuya, ni da ba ma rigimata ba ce! Dare ya yi ba a gama ba, aka ce a dawo. Sai da kowa ya faɗi laifinsa, aka yafe, sannan aka rufe da addu'a, aka ci abinci tare.

Abin da ke yawo a intanet da sunan ho'oponopono, wato maimaita jimloli huɗu na neman gafara, godiya da ƙauna kai kaɗai, sabon salo ne da ya biyo bayan gyaran da Morrnah Simeona, wata mai maganin gargajiya 'yar Hawaii, ta yi a shekarun 1970. Ban raina shi ba, amma ni dai na dangin ya fi kama ni.