Shanun laka sun yi tafiya a wayata

Jama'a jiya na ƙara ganin girman masu haɗa katun wallahi. Ni da ƙanena muka kwaɓa laka muka gina shanu biyu irin waɗanda muke yi muna yara, muka jingina waya da bulo don kar ta motsa, sai mu ɗau hoto mu ɗan tura saniya kaɗan mu sake ɗauka, haka dai haka dai tun bayan azahar har aka kira la'asar. Hoto 12 ne ke ba da sakan ɗaya, wato hoto 120 muka ɗauka don sakan 10 kacal! Rana ma ta ba mu matsala, inuwa na ta matsawa sai hasken bidiyon ya riƙa rawa, ga lakar na bushewa ƙafa ɗaya ta karye.

Amma da muka kunna, saniyar nan ta taka da kanta, sai da tsigar jikina ta tashi.

To ka tuna masu zanen hannu, kowane motsi sai an zana sabon hoto, kamar yadda muke yi a gefen littafin makaranta mu riƙa karkaɗa shafuka. Na kwamfuta mai 3D kuwa ana gina siffar sau ɗaya ne a sa mata gaɓoɓi a riƙa juya ta, yana da kyau amma ni dai na laka ya fi shiga raina.

Marigayi Mustafa Alasan na Nijar tun shekarun 1960 yake zana kwaɗi yana fim da su, daga baya ya yi da 'yar tsana ma, a Tawa ya zauna. Allah ya jiƙansa. Ranar Asabar za mu sake gwadawa a cikin ɗaki da fitila.