Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu A Gyaran Madafar Gidanmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Juma'ar da ta wuce Hajiya ta ɗora tukunya a madafar gidanmu na cikin birnin Kano, karo na farko tun daren da ruwan Agusta ya zubo da rabin rufinta. Na yi wa kaina alkawari, in Allah Ya nuna mana wannan rana, zan fito fili in yi godiya a madadin mahaifiyarmu da yayyena da ƙannena.

Waɗanda suka san gidan sun san ginin ƙasa ne, kakanmu ya gina shi. A madafar nan aka dafa tuwon sunan kowannenmu. Rufin azara ne, kunkunniyar hayaƙi ta mayar da shi baƙi ƙirin. A daren, wajen ƙarfe uku, muka ji rugugi kamar aradu ta faɗo tsakar gida. Allah Ya tsare babu kowa a ciki, don da ta ƙara awa biyu, da matar Yaya Babba ta rufta wa tana dama koko. Da gari ya waye muka tarar ƙasa ta binne murhu, randar da Hajiya ta zo da ita gidan tun tana amarya ta dare gida biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna ta tsince gutsattsarin, ta ɗaure su a ɗankwalinta.

Godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu ce, wadda tun muna yara muke kiranta Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Kafin mu gama salati ta aiko da kunu da ƙosai, sannan ta ce madafarta tamu ce har a gama aiki. Sati bakwai matan gida biyu suna karɓa-karɓa a murhu ɗaya, ko sau ɗaya ba mu ga canji a fuskarta ba. Gwaggo, Allah Ya gina miki gida a Aljanna.

Sai dattijon maginin da Kawu ya nemo mana, wanda muke ce wa Baba. Gaskiya da yawanmu, har da ni, mun so a rushe ɗakin gaba ɗaya a tayar da na bulo. Baba ya zo ya zagaya, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana saurare. Ya ce mana tubalin bango uku lafiyarsu ƙalau, ɗaya ne ya sha ruwa. Ya kuma nuna mana dalili: indararo ya toshe da ganye da leda, ruwa ya kwanta a kan soro, ga shafen siminti da muka yi wa bangon shekarun baya, wanda ya ɗaga ya bar ruwa yana shiga ta bayansa, ya kuma hana ƙasar bushewa. Ya zaro azara ɗaya daga cikin ɓaraguzan, ya kankare baƙin da wuƙa, sai ga jikin giginya garau, gara ba ta taɓa shi ba. Fiye da rabin tsofaffin azarorin sun koma inda suke.

Na tsaya na ga yadda ake aikin, kuma ba zan manta ba. An kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa, ana tattaka ta da ƙafa. An jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa, sannan aka bi saman da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Bangon waje kuma aka shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Samun waɗannan kaya ya fi samun siminti wuya a yau, masu iya haɗa su kuma sun yi ƙaranci. Abin yana ci mini rai, domin irin wannan hannu ne ke riƙe da gine-gine kamar Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya ba ka magada.

Ina godiya ga Yaya Babba da ya ɗauki nauyi mafi tsoka, da ƙaninmu da ke Legas, da Yaya da ke aure a Maraɗi wadda ta aiko da kuɗin adashenta ba tare da an tambaye ta ba. Matasan layinmu ma sun yi mana halacci. Lungunmu mota ba ta shiga, don haka a bakin titi aka juye yashi da kayan da aka sayo a Ƙofar Ruwa, su suka kwaso su da baro da kwanon sarki, suka ƙi karɓar ko sisi. Haka kafinta da ya yi mana kantoci, da mai walda da ya haɗa ƙofa da taga, da mai tayil. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.

Madafar yanzu tana da taga babba, da kafar fitar hayaƙi a sama, domin hayaƙin itace ya daɗe yana wahalar da idon Hajiya da ƙirjinta. An jawo famfo, an yi wurin wanke-wanke, an keɓe wa tukunyar gas wuri mai iska. Amma Hajiya ta ce tuwon taro ba ya yi mata daɗi sai a murhu, don haka aka tono duwatsun nan uku aka mayar da su kusurwarsu, kusa da turmin kakarmu. A nan ta tuƙa tuwon dawa ranar Juma'a, da miyar kuka wadda ta ji daddawa da man shanu, aka kai wa Baba da yaransa malmalar farko.

Duk wanda ya zo jaje, ko ya kira, ko ya yi mana addu'a daga nesa, mun gode. Wanda na manta ban ambata ba, ya yafe mini. Allah Ya jiƙan kakanninmu da mahaifinmu, Ya haskaka makwancinsu.

Gwaggo, Hajiya ta ce in gaya miki kada ki ɗora sanwa ranar Asabar. Abincin gidanki na ranar daga madafarmu zai fito.