Daren da muka kwana a imajansi

Ranar Talata da daddare jinin Baba ya hau, muka saka shi a adaidaita sai asibiti. Wallahi abin da na gani a imajansi har yanzu bai bar kaina ba. Gado babu, wani a kan benci, wata tsohuwa a tabarma ɗanta na tsaye riƙe da ledar ƙarin ruwa hannunsa har rawa yake, nas biyu kacal sai kai da kawowa suke kamar za su tsage gida biyu.

Na tambayi yaron, "Malam daga ina kuke?" Ya ce daga ƙauye, tafiyar awa biyu, wai asibitin garinsu akwai gini har da sabon fenti amma likita sai ranar kasuwa, janareta ba mai, jini kuwa sai dai a ce ku wuce birni.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Ƙananan hukumomi 44 gare mu a Kano, ga masu zuwa daga Jigawa da Katsina har Nijar, kowa birni ya nufa, ina gado zai isa fisabilillahi? Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 na kasafi lafiya za a ba. Ni a ganina kuɗin can asibitocin ƙauye ya kamata su fara tafiya, a ɗau ma'aikata a ba su gidan zama, a saka sola, a ajiye jini da iskar oksijin, mai naƙuda ta haihu kusa da gida.

Baba dai sai wajen asuba ya samu gado, yanzu alhamdulillah har ya fara faɗan an hana shi gishiri.