Mu san abin da ke cikin duro

Mu masu aiki da sinadarai, da an ambaci ƙungiyar ƙwadago albashi ne ke faɗo mana a rai. Bayan an zaɓe ni wakilin sashenmu na zauna na karanta tarihin OCAW, ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai da nukiliya ta Amurka, sai na tarar babban yaƙinta a kan lafiyar jiki ta yi shi.

An kafa ta a 1955. A wancan zamani duro kan iso masana'anta da lamba kawai ko sunan kasuwa. Mutum ya shekara yana shaƙa yana tari, in ya tambaya a ce masa sirrin kamfani ne. Wani jigon ƙungiyar, Tony Mazzocchi, ya riƙa tara ma'aikata su faɗi abin da ke damunsu da bakinsu a gaban likitoci da masana kimiyya. Wannan matsin lamba na cikin abin da ya haifar da dokar kare lafiyar ma'aikata da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a Disambar 1970.

Abin da ya fi ratsa ni yajin aikin 1973 ne a kamfanin Shell. Dubban magidanta suka haƙura da albashi wata da watanni, suna neman a auna gubar da ke wurin aikinsu, a duba lafiyarsu, a nuna musu bayanan rashin lafiya da mutuwar abokan aikinsu. Ita ma Karen Silkwood 'yar wannan ƙungiya ce. Tana tattara hujjoji kan sakaci a masana'antar nukiliya ta Kerr-McGee lokacin da ta rasu a haɗarin mota a Nuwambar 1974, a hanyarta ta ganawa da ɗan jarida.

A wurinmu har yau akan miƙa wa mai gauraya sinadari gwangwanin madara, wai ta wanke ƙirji. Ba ta wanke komai. Akwai dattijon da fatar hannunsa ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kuma bai taɓa jin sunan ruwan da yake tsoma hannu ciki ba. Shi ya sa a kowane zama da manajoji nakan fara da neman takardar bayanin kowane sinadari, da buƙatar a fassara ta da Hausa a liƙa a jikin bango, kafin mu shiga maganar alawus.